Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnonin Jihohin Arewa 19: Ina Rabon Talaka A Kuɗin Tallafin Da Aka Cire?

Zuwa ga Masu Girma Gwamnonin Jihohin Arewa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da ya ɗora muku. Na zaɓi in yi muku magana a bainar jama'a ne domin abin da zan faɗa kullum ana faɗarsa a majalisar ƙofar gida, a tasha, a teburin mai shayi, a layin yankar kati a asibiti, amma ba ya tsallake ƙofar gidan gwamnati. Ni talakanku ne, ba kwangila nake nema ba, ba kuma wata jam'iyya ce ta aiko ni ba.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya tsaya a dandalin Eagle ya ce tallafin man fetur ya tafi, duk wanda yunwa ta murɗa wa ciki a Arewa Abuja yake kallo. Yana da hujjarsa. Litar fetur da ake saye kusan naira 190 ta haura 500 kafin mako ya zagayo, ta kai 617 a watan Yuli, zuwa Oktoban 2024 kuwa ta tsallake 1,000. A tsakiyar Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, ta abinci kuwa ta taɓa haura 40 a tsakiyar shekarar. Waɗannan duk hukuncin gwamnatin tarayya ne, kuma masu yi mata magana a kai suna nan da yawa.

Ni tawa maganar da ku ce. Kuɗin da aka daina biya na tallafi, da ƙarin nairorin da ake samu idan aka canja dalar ɗanyen mai a sabon farashi, ba sama suka tashi ba. Asusun tarayya suke shiga, a raba su duk wata, ku karɓi kasonku. A farkon 2023 abin da ake raba wa tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi a wata yana wajen naira biliyan 700. A 2025 an yi watannin da ya haura tiriliyan 2. Hukumar NEITI mai bin diddigin kuɗin mai da ma'adinai ta ce jihohi sun karɓi naira tiriliyan 3.58 a 2023, a 2024 kuma suka karɓi tiriliyan 5.81. Wato kuɗin da ya fita daga aljihun ɗan acaɓa a gidan mai, ya fita daga tukunyar mai ƙosai, wani kaso mai tsoka daga cikinsa ya dawo baitulmalin jiharku. Abin ya zama na kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san amsarku, kuma ba zan raina ta ba. Za ku ce nairar yau ba ta jiya ba ce, bashin waje da kuka gada da dala ake biyansa, kwalta da ƙarfe da siminti duk sun yi tashin gwauron zabo. Haka ne. To amma albashin malamin firamare da naira ake biya. Ungozoma da naira ake ɗaukarta. Awon fili da sa hannu a takardar mallaka ba sa buƙatar dala ko ɗaya. Yawancin abubuwan da za su tsamo gidan talaka daga wannan rami da naira ake yinsu, kuma doka a hannunku ta sa su, ba a hannun shugaban ƙasa ba.

Ku ba ni dama in tuna muku inda dukiyar talakanmu take, don na lura masu tsara muku kasafi kamar sun manta. Ba shi da hannun jari, ba shi da ajiyar dala. Dukiyarsa akuya ce da tunkiya, buhunan hatsi a rumbu, babur, keken ɗinki, ɗan fulotin da ya saya a bayan gari, kason gidan gado, kayan ɗakin matarsa da 'yan kunnen gwal ɗin da aka yi mata na aure, sai zubin adashe. A shekarun nan na tsadar rayuwa mun ga yadda ake cinye waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Da dabba ake farawa, sai hatsin da aka ajiye don bazara, sai gwal. Ranar da aka kai keken ɗinki ko babur kasuwa, an sayar da abin da ke kawo na cefane ke nan, kuma daga nan wuya ne gida ya sake miƙewa. Wanda ma bai sayar da komai ba bai tsira ba. Matar da ta tara naira 100,000 a farkon 2024 ta ɓoye, da shekara ta ƙare abin da za ta saya da su bai wuce na 74,000 a farashin da ba. Shi ya sa adashe da yawa suka watse: mai ɗaukar ƙarshe ta gane kwasar da za ta yi ba za ta sayi abin da mai ɗaukar farko ta saya ba, wasu kuma zubin ne ya gagare su, uwar adashe ta rasa yadda za ta yi da jama'a.

Yanzu ana ta shelar cewa hauhawar farashi ta ragu. Ko da hakan ne, raguwar hauhawa ba ta mayar wa kowa akuyarsa. Kuma tun kafin a cire tallafin ma ba a tsaye muke ba. Binciken Hukumar Ƙididdiga na 2022 ya ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da dama a Najeriya, miliyan 86 daga ciki a Arewa suke, a Sakkwato kuwa kusan mutum tara ne cikin goma. A kan waɗannan mutanen nauyin ya sauka.

Idan kuka tambaye ni abu ɗaya da ya fi komai saurin mayar da mai rufin asiri almajiri, zan ce ciwo. Duk wanda ke sallar jam'i a masallacin unguwa ya san abin da nake nufi. Liman zai sallame, kafin a gama tasbihi sai wani dattijo ya miƙe a sahun baya da takardar asibiti a hannu, ta sha ninki har ta fara yagewa. Kansa a sunkuye, muryarsa na rawa, ya ce matarsa na kwance ana jiran kuɗin tiyata, ko ɗansa na buƙatar jini leda biyu. Mutumin nan kun san shi, ba maroƙi ba ne, shekara biyu da suka wuce shi yake saka wa wasu. A zagaya da hula, a tara abin da bai kai rabin kuɗin ba, domin masu sakawar su ma da ƙyar suka bar na koko a gida. A kemis kuma, mutum zai miƙa takardar likita mai magani huɗu, a buga masa lissafi, ya yi shiru, sannan ya ce a ba shi guda biyun da suka fi muhimmanci, su ma na kwana uku. Mai hawan jini da mai ciwon suga sun koma shan magani ranar da suka ji jiki kawai. Ƙarshenta shanyewar ɓarin jiki ko wankin ƙoda, wanda ke cinye gida da gona cikin 'yan watanni.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa kai tsaye. Magani da sinadaran haɗa shi da dala ake shigo da su, kuma a 2023 kamfanonin magani na GSK da Sanofi suka sanar da daina harkarsu kai tsaye a Najeriya, farashin wasu magunguna ya ninka ya sake ninkawa. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya faɗa da bakinsa cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin shekaru biyar zuwa bakwai. Waɗanda suka rage sun taru a Legas da Abuja da manyan birane, ƙauyukanmu kuwa sai dai ma'aikacin lafiya ɗaya, in ma akwai shi. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke rasuwa wajen haihuwa a duk duniya 'yan Najeriya ne, kuma ku ma kun san a wane yanki abin ya fi muni. A tsakiyar 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce sama da yara 600 sun rasu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida, a daidai lokacin da Amurka da wasu ƙasashe ke janye tallafinsu.

Abin da ke ci mini rai shi ne maganin wannan matsala yana rubuce a doka. Dokar Lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ware masa aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ta kuma ce jiha ta kawo nata kason kafin ta ci moriya. Dokar inshorar lafiya da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Mayun 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta yi tanadin asusu na musamman don marasa galihu. Jihohinku suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Amma har yau waɗanda ke cikin inshora a faɗin ƙasar ba su kai mutum ɗaya cikin goma ba, kuma da yawa daga cikinsu ma'aikatan gwamnati ne da ake cira daga albashinsu. Manomi da ɗan dako da bazawara mai marayu biyar suna waje. Me zai hana kowannenku ya yanke wani kaso sananne daga ƙarin kuɗin da yake samu duk wata, ya biya wa mata masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tsofaffi kuɗin rajista, a liƙa sunayensu a ƙofar asibitin mazaɓa kowa ya gani? Hukumomin zakka da waƙafi da ke jihohi da dama za su iya kama muku, in sun ga gaskiya a lamarin. Kuma ku daina auna aikin lafiya da fenti. Asibitin da aka yi wa sabon rufi da katanga, amma babu ungozomar da ke kwana, babu ruwa, babu wuta, da dare ana karɓar haihuwa da fitilar waya, wannan an kashe kuɗi ne a kan hoton ranar buɗewa. Wasunku sun rubuta kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, kamar yadda shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja a 2001, kuma mun yaba. Muna so mu ga nawa aka saki a ƙarshen shekara.

Sai maganar muhalli, wadda a cikinta babu wanda ya kai ku iko. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana don jama'a. Ba a ba da takardar shaidar mallaka sai da sa hannunku. Ba a sayar da filin da ke da takarda ko a jinginar da shi sai da amincewarku. Duk da haka, ma'aikatar gidaje ta tarayya tana cewa sama da kashi 90 cikin 100 na filayen ƙasar nan ba su da rajista. Talakan birni da me yake riƙe da gidansa? Takardar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu, shaidu biyu, shi ke nan. Yawancin unguwanninmu na bayan gari awon igiya ne: mai gona ya yanka ta fuloti-fuloti, babu hanya, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta ko maƙabarta. Ba son rai ya kai mutane can ba. Fulotin gwamnati, idan an yanka, kun san hannun da yake faɗawa, daga nan kuma sai kasuwar dillalai. Bayan shekara goma sai a turo motar rusau a ce an yi gini ba bisa ƙa'ida ba, ko damina ta zo ruwa ya bi tsohuwar hanyarsa ta tsakar ɗakin mutane. Mun ga abin da ya faru a Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, mun ga ambaliyar Mokwa a jihar Neja a ƙarshen Mayun 2025.

Gidan da ba shi da takarda bai zama dukiyar da za a juya ba. Ba banki zai karɓe shi jingina, rabon gadonsa rigima ne, kuma mai ƙarfi na iya ƙwace shi daga hannun marayu. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin 100 na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa, in ya je neman lamunin, takardar fili za a fara tambayarsa. Na san an kafa hukumomin rajistar filaye na zamani, KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano, NAGIS a Nasarawa, GOGIS a Gombe. Amma idan aka ɗauke su a matsayin hanyar tara haraji kawai, talaka zai ci gaba da gudunsu. Abin da ake buƙata shi ne a bi unguwa-unguwa, gida-gida, a auna, a ba mai gida takardarsa a kuɗin da bai fi ƙarfinsa ba, cikin lokacin da aka ƙayyade, ba tare da ya san kowa a ma'aikata ba. A sa sunayen mata da marayu a kan kasonsu na gado. A yanka sababbin fulotai masu hanya da kwalbati kafin masu awon igiya su riga ku, a yi rabon da ƙuri'a a gaban jama'a.

Ɗan haya kuma ba shi da mai kare shi. Buhun simintin da ake saye wajen naira 4,500 a farkon 2023 ya haura 10,000 a Fabrairun 2024, masu gidaje suka mayar da nauyin kan 'yan haya, ga kuɗin shekara a dunƙule, ga la'adar dillali. Mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka sun cika Gusau da Katsina da Sakkwato, iyali guda a ɗaki ɗaya, wasu a kangwaye. Rukunin gidajen da gwamnatoci ke ginawa, na tarayya da naku, farashinsu na miliyoyi ne da mai albashin 70,000 ko a mafarki ba ya kaiwa, ga shi da yawa daga cikin mutanenmu ba za su taɓa bashi mai kuɗin ruwa ba saboda addini. Tsarin biyan haya har gida ya zama naka, ko lamuni marar ruwa, shi ne zai karɓu a nan. Majalisun jihohinku kuma za su iya yin dokar haya da za ta hana a tashi iyali da sanarwar mako biyu.

A kan aikin yi, kada alƙaluma su ruɗe ku. A ƙarshen 2020 an ce marasa aiki kashi 33.3 ne cikin 100. A 2023 aka sauya ma'auni, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako aka lissafa shi mai aiki, adadin ya faɗo zuwa 4.1. Matashin da ya gama jami'a yake zaune a ƙarƙashin lema da na'urar POS, da wanda ke tura baro a kasuwar Singa, duk sun shiga sahun masu aiki. Wannan ƙididdiga ɗaya ta nuna cewa fiye da mutum tara cikin goma masu aiki ba su da albashi tsayayye ko fansho, buga-buga ce kawai.

Ko masu albashin ma ba su tsira ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka amince da shi a 2019 yana sayen fetur sama da lita 200 a lokacin. Na 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, kafin shekarar ta ƙare lita 70 yake saye, buhun shinkafa kuwa ya fi shi tsada. Wasunku sun ɗora wani abu a kai, Neja ta ce 80,000, Kebbi 75,000, Kaduna 72,000, Kano 71,000. Allah ya saka. Ku tabbatar ya isa ga malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi, domin su ne kullum na ƙarshe a layi. Ku kuma biya tsofaffin ma'aikata giratuti tun suna da rai.

Amma gwamnati ba za ta ɗauki kowa aiki ba, masana'anta da gona ne ke ɗauka, su kuma wuta suke so da tsaro. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kaduna a 1957, zamanin Sardauna, mallakar jihohin Arewa ce, wato taku. Tun 2002 take rufe, ma'aikatanta da dama sun rasu suna jiran haƙƙinsu. Kamfanin zuba jari na NNDC ma naku ne. Ku ratsa unguwannin masana'antu na Kakuri a Kaduna, ku ratsa Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano, ku ƙirga kamfanonin da suka koma rumbun ajiyar kayan da aka shigo da su daga waje. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawa, daga naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit. A Oktoban shekarar kuma yawancin Arewa ta kwana a duhu fiye da mako guda saboda lalacewar manyan layuka, mai walda da mai niƙa da tela da mai ƙanƙara suka zauna hannu rabbana. A da kuna iya cewa wuta ta tarayya ce. Yanzu ba haka ba ne. Gyaran tsarin mulki da dokar lantarki ta 2023 sun ba kowace jiha ikon samar da wutarta da tsara kasuwarta. Enugu da Ekiti da Ondo ne suka fara karɓar wannan iko, Kogi da Neja da Filato suka biyo baya. Yankin da ya fi kowa rana a ƙasar nan bai kamata ya zama na baya ba. Tashar hasken rana mai megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso ta jihar Kano a farkon 2023 ta nuna abin mai yiwuwa ne. Kuɗin gadar sama ɗaya, in aka zuba shi wajen ba kasuwa guda ko unguwar masana'antu guda wuta tsayayya, zai ciyar da gidaje fiye da yadda gadar za ta taɓa yi. Ba na ƙin gada, amma a wasu garuruwan an gina ta ne inda cunkoson bai kai ya kawo ba.

Manomi kuwa an buge shi ta gaba da ta baya. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja sai ya biya 'yan bindiga kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya kashe kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari wata da watanni. A Yulin 2024 tarayya ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Mai saye ya ɗan samu sauƙi, ba na musun haka, amma a 2025 manomi ya wayi gari buhun masararsa ba ya sayen buhun taki. Wanda ya yi asara bana ba zai faɗaɗa gona baɗi ba, kuma yunwar da za ta biyo baya kanmu za ta dawo. Rumbunan jiha da za su sayi hatsi da kaka a farashin da ba zai karya manomi ba, su fitar da shi da bazara, ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Takin gwamnati kuma ya riƙa isa kafin ruwan farko, ta hannun manoma na gaskiya, ba ta hannun shugabannin jam'iyya na mazaɓa ba.

Akwai maganar da na san ba kwa son ji. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi. Aka yi ta gudanar da zaɓuɓɓuka cikin gaggawa, kusan ko'ina jam'iyyar gwamna ta lashe kujeru kakaf, maganar kuɗin kuma aka yi ta jan ƙafa. Asibitin mazaɓa da makarantar firamare da kasuwar ƙauye da rijiyar burtsatse duk a wannan mataki suke. Idan tsoronku shi ne shugabannin ƙananan hukumomi za su cinye, to a sa musu ido, a wallafa abin da kowanne ya karɓa, talakawan garin sun san gidansa. Riƙe kuɗin a babban birnin jiha bai hana a ci ba.

Na ga yadda kuka haɗa kai a Kaduna a ƙarshen Oktoban 2024, ƙarƙashin jagorancin Gwamna Inuwa Yahaya, ku da sarakuna, kuka ƙi amincewa da tsarin rabon harajin sayen kayayyaki na VAT da gwamnatin tarayya ta kawo. Kun yi magana da murya ɗaya, an kuma saurare ku, an gyara ƙudirin kafin a sa masa hannu a Yunin 2025, kason jihohi ya tashi zuwa kashi 55 cikin 100. Ashe kuna iya haɗa kai idan maganar abin da zai shigo ce. Irin wannan haɗin kan muke nema a kan yadda za a kashe shi. Ku tuna da zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, da yaran da suka fantsama titunan Kano da Kaduna, da waɗanda aka gurfanar a kotu a Abuja a watan Nuwamba har wasu suka yanke jiki suka faɗi don yunwa. 'Ya'yanmu ne, 'ya'yanku ne, kuma rabon shinkafa mudu-mudu a gaban kyamara ba zai riƙe su ba.

Don haka ga roƙona, ranku ya daɗe. A zamanku na gaba a Kaduna, ku amince cewa kowace jiha za ta riƙa sanar da jama'a duk wata nawa ta karɓa daga asusun tarayya, nawa ta tara a cikin gida, nawa ya tafi ga kowace ƙaramar hukuma. A karanta shi a gidajen rediyon jiha da Hausa da Fulfulde da Kanuri da Nupe da Tibi da sauran harsunanmu, ba a ɓoye shi da Turanci a shafin intanet ba. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. A wannan sanarwa a faɗa mana mutum nawa aka saka a inshorar lafiya a watan, takardar fili nawa gwamna ya sa wa hannu, ungozoma nawa aka ɗauka, kuma a wace mazaɓa aka tura ta. Wanda ya fara a cikinku, mu da kanmu za mu yi masa shela, ko daga wace jam'iyya yake.

Allah ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku, ya ba ƙasarmu lafiya da zaman lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani talaka daga cikin talakawanku.